Motar da Anka Fasa wa Katanga

Assalamu alaikum, Yaya Sodangi.

Ina gaishe ka da fatan alheri. Ya jikin Inna? Ya Kulu da yara, da mutanen Dandin Mahe baki ɗaya? Albasa ta yi kyau bana?

Ni lafiya lau nike a nan Libiya, sai dai aikin gini ya tsaya tun bayan salla, kuma ba mu cika fita ba saboda kamen baƙi. Ana dai ci, ko da sau ɗaya ne. Alhamdu lillahi.

Yaya, matata Mansura ta ce kun fasa katangar gida kun yi babbar ƙofa, har Inna ta yi sadakar masa, wai saboda motar da na turo maka hotonta. Tun da na ji, na ce sai na faɗa maka gaskiya. Motar nan ba ta wuce tafin hannuna ba. Ƙananan robobi ne cikin kwali, wani mai shago ya zubar, na tsinta. Ni nika haɗa su da gam, in shafa fenti da tsinken ashana, kamar yadda munka riƙa yin motar kara muna yara, don kada tunani ya kashe ni. Na matso da waya kusa ne kawai don ka ga kyan aikin.

Kada ka faɗa wa Inna tukuna. Ka ce mata takardu sunka riƙe motar. A taya ni da addu'a.

Amma ka maida katangar kafin ruwa ya sauka. In Allah ya sa na dawo, Yaya, a aljihu za ta shigo gida.

Ƙanenka,
Zayyanu