Zanen Gawa a Tallan Amarya

Solo, Litinin

Dik Sekar, ƙanwata,

Assalamu alaikum. Ya Jakarta da cunkosonta? Mu nan lafiya, in kin cire abin da kika jawo mana.

Ke kika ce kamfaninku ya ƙera na'ura mai basira da ke yi wa 'yan kasuwa talla a intanet, ta zaɓi hoto da kanta, ta rubuta magana, ta liƙa a shafuka. Kika ce aikinki shi ne ki duba littafin jagorarta, ki sa hannu cewa kowa zai iya bi kafin a fara sayarwa. Kika roƙe ni in gwada ta da shagon zannuwan batik na Ibu, uwar da ta haife mu. Na bi littafin layi-layi, na ɗora hotunan zannuwanmu duka kamar yadda ya ce.

Kin san abin da ɗan aiken naku ya ɗauko? Slobog! Zanen da ake lulluɓe gawa da shi, shi ya liƙa a wayar kowa, ya rubuta a ƙasa: "Amarya, ga zanen ranarki." Ga sunan Ibu a sama ɓaro-ɓaro.

Kin san mutanenmu, ba mai ce maka uffan. Bu Darmi maƙwabciya ce ta shigo da soyayyiyar ayaba, ta sha shayi, ta tambayi Ibu a hankali ko idanunta sun fara ba ta wahala. Ibu ta yi murmushi, ta raka ta ƙofa, ta shige ɗaki. Tun ranar ba ta taka shago ba.

Ki gaya min yadda ake kashe abin nan, yau ɗin nan.

Yayarki, Ratri

Jakarta, Talata

Mbak Ratri,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ki gaishe min da Ibu, ki ce ina neman gafararta.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Sai dai na'urar ba ta san zane ba. Hoton da aka fi taɓawa shi take yawaitawa. Mutane na taɓa slobog don mamaki, ita kuma ta ɗauka so suke. Da kin rubuta mata bayanin kowane zane, da haka ba ta faru ba. Maganar tsayarwa kuwa, ki duba babin ƙarshe. Ranar Juma'a zan sa hannu, shugabanmu Pak Wibisono na jira.

Ki huta lafiya. Sekar

Solo, Laraba

Dik,

Ina gaishe ki, don an koya mana gaisuwa, ba don kin cancanta ba.

Wai da na rubuta mata! A wane shafi aka ce in rubuta? Littafinku ya ɓata shafuka kan yadda ake canza launin rubutu, har da hotuna. Babin ƙarshe kuwa na buɗe. Kan magana ne kawai, sai layi ɗaya: "Za a ƙara bayani nan gaba." Nan gaba yaushe, bayan an binne mu?

Na goge abin daga waya, talla na nan. Na kira lambarku, wata na'urar ta gode min da kira. Iyalin Bu Lasmi da suka zaɓi zannuwan bikin 'yarsu a wajenmu sun aiko cewa za su yi tunani. Ke 'yar Solo ce, kin san ba za su dawo ba.

Mota ce kuka ƙera ba birki, kina shirin sa hannu a sayar. In kika sa, kada ki ƙara ce min aikinki dubawa ne. Haba, Sekar!

Allah ya shirye ki. Ratri

Jakarta, Juma'a

Mbak,

Ina gaisuwa. Kin yi gaskiya, kuma na san babin nan ba komai a ciki. Na nuna wa Pak Wibisono, ya ce ba mai karanta littafi har ƙarshe. Na ce "to, Pak", yadda aka rene mu.

Yau aka yi taron sa hannun. Ba zan iya ce wa babba a'a a gaban jama'a ba, bakina ba zai buɗu ba. Sai na haska tallarmu a babban allo, na sunkuya na miƙa masa littafin da hannu biyu. Na ce, "Pak, a yi haƙuri, kaina ne bai ɗauka ba. A taimaka a nuna min yadda ake tsayar da wannan."

Shi ma uwarsa 'yar Solo ce. Yana ganin zanen fuskarsa ta canza. Ya buɗe gaba, ya buɗe baya. Da ya gaji ya kira masu gyara suka kashe ta daga can ciki. Sannan, Mbak, ko kunya babu, ya turo min takardar, wai tunda an warware sai in sa hannu. An warware wa? Mai shagon da ba ta da ƙanwa a kamfani fa?

Na yi murmushi na ce zan yi tunani.

Shi ma ya yi murmushi. Ya ce da alama na gaji, in je gida in huta har su neme ni. Na kwashe kayan teburina.

Ƙanwarki, Sekar

Solo, Asabar

Dik Sekar,

Wa'alaikumus salam, ko da ba ki yi sallama ba. Tallar ta ɓace. Na karanta wa Ibu wasiƙarki, sai ta ɗaura zanenta ta fito shago. Tana zaune ta ce a gyara miki ɗakinki, a kuma dafa miki gudeg, abincin nan da kike so.

Bu Darmi ta leƙo, ta tambayi Ibu me kike rubutawa a Jakarta. Ibu ta ce, "Jiya dai ko sunanta ba ta rubuta ba, kuma tun da na sa ta makaranta ba ta taɓa faranta min haka ba."

Ki hau jirgin ƙasa na safe. Har yanzu ina fushi da ke, amma zan zo tasha.

Yayarki, Ratri