Baba, Na Sauka Kabarin Li'azaru

Zuwa ga mahaifina, Malam Iliya mai bishara,

Gaisuwa mai yawa tare da ladabi, a cikin sunan Ubangiji. Ɗanka ne Yohanna, daga Kuala Lumpur inda ka bar ni ina karatu. Na san inda kake ba ka buƙatar labari, ni ne nake buƙatar in ba ka.

Baba, na je Ƙasa Mai Tsarki. Majami'ar da nake sujada a unguwar Sentul, wadda yawancin mutanenta Indiyawa ne, ita ta shirya tafiyar nazari. Duk inda muka isa sai a karanta nassin abin da ya faru a wurin, fasto ya yi bayani, sannan kowa ya yi shiru.

Babu wanda ya sani a cikinsu cewa tun da ka rasu addu'a ta gagare ni. Ka tafi lokacin korona, jirage ba sa tashi. A waya na kalli jana'izarka, ina zaune a ɗakina a unguwar Wangsa Maju. Ana cikin saukar da kai hoton ya tsaya cak. Da ya dawo, an riga an rufe. Tun daga ranar nake ji kamar ba a gama binne ka ba. Nakan hango ka a jirgin ƙasa, kana tsaye da farar hularka, sai mutumin ya waiwayo in ga wani tsoho ne ɗan ƙasar nan.

A Galili abin ya fi tsanani. Kai ka koya mana wuraren nan muna yara, kana zana su da kara a tsakar gida, kana cewa, "Wata rana ɗayanku zai je ya gano mini." Muna cikin kwalekwale a kan tafkin Galili fasto yana magana, ni kuwa da muryarka nake jin komai, da Hausa. Har waiwaye na yi. Ruwa ne kawai a bayana.

Daga nan muka je Betanya. Matakalar kabarin Li'azaru tana da ƙunci da santsi. Wata tsohuwa a cikinmu, Anti Mariya, mai ciwon gwiwa, ta ce in riƙe hannunta mu sauka. Can ƙasa akwai sanyi da warin danshi. Fasto ya fara bayani, ya ce mu lura Yesu bai sami jana'izar abokinsa ba. Sai da aka rufe kabarin ya iso, ya tambayi inda aka sa shi, ya tsaya ya yi kuka.

Sau nawa na ji labarin nan daga bakinka, Baba? Kullum hankalina yana wajen tashin Li'azaru. Ban taɓa lura cewa shi ma Ubangiji a makare ya zo ba.

Na durƙusa a wurin. Kukan da ban yi ba a gaban waya, a ramin nan na yi shi. Mutane suka haura suka bar mu. Anti Mariya ba ta tambaye ni komai ba, ta dai ce, "Yi kukanka, ɗana, mota za ta jira." A nan bakina ya buɗe. Ba wata doguwar addu'a ba ce, sunanka na kira, na ce wa Allah ga shi nan, na bar maka.

Ba zan ce na warke ba. Shekaranjiya ma na gan ka a shagon abincin Indiyawa da ake kira mamak kana shan shayi. Sai dai wannan karon gabana bai faɗi ba, na zauna har mutumin ya tashi.

Maƙwabcina Malam Sani, ɗan Kano, tun da na dawo yake tsokanata yana kira na Alhaji. Da na ba shi labarin Betanya sai ya daina dariya. Ya ce, "To, saura ziyara ɗaya. Ka je ka tsaya a kan kabarin tsohonka."

Na kira Inna na ce ina tafe da zarar an yi hutu. Ta ce kana bayan majami'a, dawa ta kewaye wurin, ita da kanta za ta kai ni.

Allah ya hutar da kai, Babana. Ya riƙe Inna da lafiya har in iso. Ranar da za a kira sunayen waɗanda suke barci, ya sa in ji an kira naka ina kusa.

Ɗanka da ke kewarka,
Yohanna