Da Hannuna Na Rubuta Ba Wanda Ya San Baffa

Assalamu alaikum Malam Edita, da duk masu karanta wannan shafi na shawara. Daga Makka nake rubuto muku. Wani alhaji da zai koma gida ta jirgin sama na ba takardar, shi ma bai san abin da ke ciki ba. Don girman Allah kada a nemi sanin sunana, kuma kafin ku tsine mini ku bari in kai ƙarshe. Tsinuwar ma na riga ku yi wa kaina, shawara nake nema.

A nan aka haife ni. Mahaifina da yayansa, wanda zan riƙa kira Baffa, da ƙafa suka taho daga ƙasar Kano, suka yi shekaru a hanya suna noma suna gaba. Ina goye mahaifina ya rasu, uwata ta bi shi ina ɗan shekara tara, Baffa ne ya riƙe ni. Ɗan garuwa ne, sanda ɗaya a kafaɗa da garewani biyu, da wannan kafaɗar ya sa ni makaranta har na iya rubutun Larabci na ofis. Akwai wata al'ada ta mutanen Makka, jaririn da aka haifa a garin ana yi masa tsaga uku-uku a kumatu, suna ce mata mashali. Uwata ta sa aka yi mini. Baffa kuwa zanen gidanmu na can yake ɗauke da shi a fuska, wanda kowa ya gani ya san Takari ne, ko Takruni yadda Larabawa ke kiranmu. A garin nan baƙar fata ba abin kallo ba ce, baƙaƙe 'yan asalin Makka suna da yawa. Abin da ake dubawa shi ne ɗan gari ne kai ko Takruni. To, kumatuna suka ce ni ɗan gari ne, ni kuma ban taɓa gyara musu zance ba.

Da haka na sami takardar zama ɗan ƙasa, na sami aikin magatakarda a ofishin hukumar gari, na auri 'yar wani mai sayar da yadi a unguwar Zahir. Surukina ya san ni maraya ne, iyakar abin da ya sani ke nan. Baffa fa? Baffa yana zuwa gidana kullum da safe, ta ƙofar baya, da ruwa. Matata ta ɗauka mai sayar da ruwa ne kawai. Ni ban ce masa ya yi haka ba, shi ya tsiro da abin don ya riƙa ganin 'yata, amma ban hana ba. Shekara shida ke nan. Wane irin ɗa ne zai ga wanda ya rene shi yana juye ruwa a randar gidansa, ya ce masa sannu da Larabci ya wuce?

Bara aka naɗa sabon shugaba a majalisar gari, wani dattijo mai tsoron Allah. Ya ce bai ga dalilin da za a ce unguwannin da ke kusa da Harami kowacce tana da mai unguwa a majalisa da wurin ɗiban ruwa na hukuma, unguwar Takari kuwa, mai bukkoki da langa-langa, ba ta da ko ɗaya ba. Ya ce mutanen da ke share Mina da Arfa duk shekara, suke ɗaukar kayan alhazai, ai su ma mutanen gari ne. Aka yi ta gardama, daga ƙarshe aka yarda za a ba su kujera ɗaya, su zaɓo dattijonsu, in ya zauna sai a yi maganar ruwa. Sharaɗi biyu ne: ya kasance ɗa ne ba bawa ba, kuma ya daɗe a garin. Ni na rubuta takardar gayyatar, wallahi har da murna a zuciyata. Ban san Baffa za su zaɓa ba. Daga baya na ji dalilinsu, wai ai ɗansa yana ciki, ba zai rasa mai tsaya masa ba.

Ana gobe zama ya tare ni a bakin ƙofar baya, ya yi ƙasa da murya ya ce, "Ɗana, wai yaya ake shiga wurin nan naku? Ban taɓa shiga ofis ba." Na hango matata tana tahowa, sai na ce, "Ba komai Baffa, ku dai shiga kawai," na juya. Kalma biyar ta ishe ni: kada ku durƙusa, ku tsaya. Ban faɗa ba.

Ku da kuke gida kun san yadda dattijon kirki yake shiga gaban mai mulki. Haka Baffa ya yi. Ya zo da farar rigarsa ta Juma'a, ya tuɓe takalmi tun daga bakin ƙofa, ya shigo a sunkuye, ya zube a gaban shugaba gwiwa biyu, ya ɗaga dunƙulen hannu ya ce, "Ranka ya daɗe." A wurinsa ladabi ya gama. Amma a nan ba a durƙusa wa mutum, malamai suna hanawa, kuma wanda aka gani a ƙasa haka, tunanin da ke fara zuwa wa mutane shi ne yana da ubangida. Shugaba ya miƙe da sauri ya kama shi yana cewa, "Gum ya ammi, gum," wato tashi kawu, ba a yi wa kowa haka sai Allah. Ya zaunar da shi a kujera. Baffa ya ɗosana a bakin kujerar, ƙafa ba takalmi, ya rasa laifin da ya yi. Sai wani daga cikin waɗanda dama ba sa son abin ya yi dariya ya ce, "Wannan bawan wane ne? Mun ce a kawo mana ɗa."

Baffa yana jin Larabcin kasuwa sarai, ya ji abin da aka ce. Ya ce shi ɗa ne ɗan ɗa, shekara talatin yana garin. Mutumin ya ce kowa ma zai faɗi haka, ina shaida? Shugaba, yana son ya kashe maganar, ya duba ɗakin ya ce, "Akwai wanda ya san wannan dattijo a cikinku? Mutum ɗaya mai takardar ɗan ƙasa ya isa, ya sa hannu mu wuce." Jama'a, ina zaune tazarar taku huɗu da shi, alƙalami a hannuna. Baffa ya juyo ya dube ni. Ba kallon roƙo ba ne, kallon wanda ya tabbata ne, har da ɗan murmushi. Ni kuwa sai na tuna surukina, na tuna abokan aikina da irin abin da suke faɗa a kan Takari in muna shan shayi, ni ma ina taya su dariya. Na sunkuyar da kai na tsoma alƙalami a tawada. Shugaba ya sake tambaya. Sai na ji muryar Baffa yana cewa da Larabcinsa, "Ba wanda ya san ni a nan, ya sidi," wato ya shugabana. Shi ya rufa mini asiri da kansa don kada a lura da kallon da ya yi mini.

Aka ɗage maganar. Aka ce in rubuta a littafin zama, na rubuta da hannuna: ba a sami wanda ya san shi ba. Rubutuna mai kyau ne, kowa yana yabo, wannan layin ma ya fita tas. Baffa ya fita, ya manta takalminsa a bakin ƙofa, masinja ne ya bi shi da shi.

Abin da ya biyo baya ya fi wannan ciwo. Mutanen unguwa suka tambaye shi ina ɗan nasa, ya ce ranar ba na nan. Baffa da ban taɓa jin ƙarya a bakinsa ba, ya yi ƙarya da furfurarsa saboda ni. Sai laifin ya koma kansa, samari suna cewa ya je ya zubar musu da mutunci, ya ja an kira su bayi. Wanda da in ya fito ake tashi a ba shi tabarma, yanzu sai a ci gaba da hira. Matan unguwar kuma har yau suna tafiya mai nisa neman ruwa, ni ina sha daga randar da ya cika. Washegari ma ya kawo ruwan, da jibi, da gata. Bai taɓa tayar mini da maganar ba. Ina ma ya zage ni! Na yi ɗawafi na yi kuka, na roƙi Allah gafara, amma ai na san haƙƙin wa ke wuyana, kuma yana da rai, yana zuwa gidana kullum.

Shugaba bai haƙura ba. Ya ce a watan Rabi'ul Awwal za a sake kiran dattijon, kuma shi ne zama na ƙarshe, in ba shaida kujerar ta tashi, maganar ruwa ta bi ta. Su masu adawa sun ƙara sharaɗi, wai shaidar sai ta fito daga ma'aikacin hukuma. A duk ofishin nan wa ya san shi in ba ni ba? Takardar tana cikin aljihun teburina, da layin sa hannu a buɗe. In na sa hannu, dole in faɗi yadda na san shi. Surukina zai ji, matata za ta san wanda take miƙa wa guntun burodi ta ƙofar baya kakan 'yarta ne, shugaba kuma zai buɗe littafi ya ga abin da na rubuta ina sane. Magatakardan da ya rubuta ƙarya, wa zai sake ba shi littafi?

Bayan an sauko daga Mina, ran nan da hantsi matata ta tafi gidansu, Baffa ya juye ruwa, ya ajiye sandarsa ya ce, "Ɗana, zo ka koya mini gaisuwar nan ta tsaye. Kai ne shugaba, ni zan shigo." Na tsaya a tsakar gida kamar gunki. Ya koma ƙofa ya shigo da takalminsa, ya miƙo hannu, yana kusanto ni sai gwiwarsa ta lanƙwashe da kanta. Ya yi dariya ya ce, "Ka ga ja'irar, ta saba. Bari in sake." Sau huɗu yana sakewa, tsoho mai shekara saba'in. Na ce, "Baffa, ku yafe mini." Ya yi kamar bai ji ba. Da ya ɗauki garewaninsa zai fita sai ya tsaya ya ce, "Kada ka sa damuwa a ranka. Wancan karon ni na yi kuskure da na dube ka. Wannan karon in na shiga, bango zan kalla."

Jaridarku tana isowa nan wurin wani mai shago, ina karantawa a ɓoye kamar yadda nake komai. Don Allah ku buga amsa kafin Rabi'ul Awwal. Iyayena da 'yan'uwana na gida, waɗanda ban taɓa gani ba kuma na yi shekaru ina gudun a haɗa ni da ku, mutumin nan zai shigo ya kalli bango, ni kuma alƙalami yana hannuna. Me zan yi?