Kibod Ɗin da Aka Manne da Gam

Daga:
Ƙaramin Mai Rubuta Manhaja (Ma'aikacin Gwaji),
Tebur na ƙarshe kusa da taga,
Ɗakin Masu Manhaja, Hawa na Biyu.

Litinin, 17 ga Maris, 2025.

Zuwa ga:
Mai Girma Daraktan Gudanarwa da Harkokin Ma'aikata,
Hawa na Huɗu.

Ta hannun: Shugaban Rukunin Masu Manhaja.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: ƘORAFI KAN LALATA MINI KAYAN AIKI, GOGE KWAMFUTAR TEBURINA, DA TAKARDAR TUHUMAR DA TA BIYO BAYA

Bayan gaisuwar ban girma, zan fara da faɗin gaskiya: tsoro nake ji. Sau uku ina rubuta wannan takarda ina yagewa, domin saura kwana goma sha ɗaya kwamiti ya zauna kan tabbatar da ni a aiki, kuma na san ba a son wanda bai gama zama ba ya fara kushe tabarma. Sai dai akwai tsoron da ya fi wannan, shi ne ya hana ni yaga ta huɗu.

Mahaifina ya yi shekara ashirin da bakwai yana buga tafireta. A yau yatsunsa ba sa iya kama komai, ni nake sa masa maɓallan riga kowace safiya kafin in fito. Saboda haka, da yatsuna biyu na dama suka fara sagewa wata guda bayan na kama aiki, ban tsaya wasa ba. Likita ya rubuta, ranar 19 ga Nuwamba, 2024, cewa in daina lanƙwasa wuyan hannu a kan kibod na gama-gari. Kwafin takardar yana cikin fayil ɗina.

A kan haka na haɗa kibod mai gida biyu: rabi ga hannun dama, rabi ga na hagu, waya a tsakani, kowane rabi yana daidai kafaɗa. Madannai arba'in da biyu ne, kowanne ni na narka dalma na kafa shi. Babu rubutu a kansu, domin jerin haruffan nawa ne, na tsara shi yadda manyan yatsu za su ɗauke wa ƙananan nauyi. Ciwon ya lafa cikin mako uku. Abokan aiki suka sa mini suna Rabi-da-Rabi, ban damu ba.

Ga ƙorafe-ƙorafena:

1. Ranar Alhamis, 6 ga Maris, na tafi asibiti da izinin shugaban rukuninmu. A bayana aka yi ƙidayar kayan ofis. Jami'in Kula da Kaya, wanda kowa ke kira Baba Mai Sito, ya ga kibod ɗin, ya rubuta a fom: "Ya karye gida biyu, haruffa duk sun goge." Bai tsaya nan ba. Ya samo guntun katako, ya matse rabi da rabi wuri guda, ya kwarara musu gam mai kama ƙarfe. Da na dawo, na tarar da shi tsaye a bakin teburina yana murmushi, yana ce mini, ɗana, in daina jin kunyar faɗa idan kayan aiki sun lalace, ofis ba ya cin mutum. Ranka ya daɗe, sa'an mahaifina ne. Godiya na yi masa.

2. Ya kuma bi madannan ɗaya bayan ɗaya da farin ruwan goge rubutu, ya rubuta musu haruffa. Da haruffa suka ƙare ya shiga lambobi, da lambobi suka ƙare ya zana taurari a kan shidan da suka rage. Ba ko ɗaya da ya dace da abin da madannin ke bugawa.

3. Gam ɗin ya gangara ya danne madanni guda. Washegari, Juma'a, 7 ga Maris, ina kunna kwamfuta ta shiga buga harafi ɗaya ba tsayawa. Ina ƙoƙarin zare wayar kibod ɗin sai Jami'in Kwamfutoci ya shigo, ya ce kada in taɓa komai, wannan cutar kwamfuta ce, ya san irinta. Na yi masa bayani sau biyu. Ya amsa cewa shi digiri gare shi, ni difloma. Ya umarce ni da in fita, ya goge kwamfutar kakaf, ya sake zuba mata tsari. Da ta tashi, ta ci gaba da buga harafin nan. A lokacin ne ya zare wayar.

4. Abin da ya tafi a gogewar ba aikin kamfani ba ne, wannan yana ajiye a rumbun bayanai na kamfani. Abin da ya tafi shi ne saitin da na yi wata biyar ina ginawa: tsarin manhajar da nake rubutu a cikinta, gajerun umarni sama da sittin, da ƴan shirye-shiryen da ke gwada aikina da danni ɗaya maimakon ashirin. Za a ce me ya hana ni ajiye kwafi. Dokar ofis ta hana kwafar bayanai a filas, ta hana ajiya a waje. Na nemi a ba ni wuri a rumbun kamfani a rubuce ranar 9 ga Disamba, na sake nema ranar 20 ga Janairu. Shiru, kamar an aiki bawa garinsu.

5. Tun 10 ga Maris nake aiki da kibod na gama-gari. Yatsuna sun manta hanyarsa. Ina lalube kamar wanda ya shiga ɗakin wani a cikin duhu. Sagewar ta dawo, yanzu har gwiwar hannu. Ranar Alhamis, 13 ga Maris, aka miƙo mini takardar tuhuma cewa aikina ya ragu da fiye da rabi, in yi bayani. Wannan shi ne a doke ka a hana ka kuka. Kibod ɗina kuwa yana sito, an rataya masa tikiti mai cewa "An gyara."

Bisa ga haka, ina roƙon Mai Girma Darakta cikin ladabi:

(a) a janye takardar tuhumar kafin zaman kwamiti na 28 ga Maris;
(b) a ba ni izini a rubuce in kawo wani kibod mai gida biyu, a shigar da shi rajista da bayanin cewa haka aka yi shi;
(c) a ba ni kwana biyu na aiki in mayar da saitina, da wurin ajiye shi a rumbu;
(d) kada a hukunta Baba Mai Sito. Alheri ya nufa, kuma babu wanda ya taɓa nuna masa irin wannan kaya. A dai umarci masu ƙidaya su riƙa tambayar mai tebur kafin su yi gyara.

A ƙarshe, ya dace ka ji wannan daga gare ni kafin ka ji shi a bakin wani. Yau da safe, a taron tsara aikin mako, da aka zo kaina, na miƙe, na faɗa a gaban kowa cewa daga yau ba zan ƙara ɗora hannu a kan kibod na gama-gari ba. Zan zo a kan lokaci, in duba aikin abokaina, in tsara nawa da fensir, har ranar da izini ya fito. Idan kwamiti ya ɗauki wannan a matsayin ƙin aiki, na karɓa. Ina son aikin nan ƙwarai, Allah ne shaida. Amma gobe da safe akwai dattijon da zai tsaya a ƙofar ɗakinsa da riga a buɗe yana jirana, kuma hannuwan nan biyu su ne namu ni da shi.

Ina neman afuwa idan harshena ya zarce. Allah ya ƙara girma.

Naka mai biyayya,

(sa hannu, da hagu)
Ƙaramin Mai Rubuta Manhaja,
Ɗakin Masu Manhaja, Hawa na Biyu.

An haɗa da: kwafin takardar likita, kwafin wasiƙun 9 ga Disamba da 20 ga Janairu, hoton kibod ɗin a kan katakonsa.