Ranar da Motar Mode Ta Ƙi Tashi

Shagari,
Asabar, 9 ga Maris.

Zuwa ga yayata Uwani,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan kina lafiya, ke da Mufida da sauran yara. Yaya zafin Dingyaɗi? Mu nan lafiya lau, matata Halima tana gaishe ki. Ban fara da tambayar jikin maigidanki ba, don na san za ki ce izgili nake yi.

Da kunnenki yana ji, da na kira ki ta waya, amma tunda ke sai rubutu, ga shi na rubuta, don kada ki tsaya kan abin da mutanen garejin Boɗinga sunka kai miki kawai. Gaskiya ne na bugi maigidanki Malam Sha'aibu. Ba zan yi musu ba. Amma ki ji yadda abin ya faro.

Kin san sana'ata. Ranar kasuwa nakan loda a-kori-kura da lemo da ruwan leda, in shiga ƙauyukan bayan Kajiji inda babu lantarki. Akwai firji a bayan motar, ga allon caji mai ɗaukar waya arba'in, ga lasifika, kuma duk daga batirin motar suke shan wuta. Sau uku cikin wata guda ina tashi daga kasuwa in murɗa makulli motar ta ƙi tashi, sai an tura ni. Shi ne na kai wa Malam Sha'aibu, tunda duk Boɗinga babu mai gyaran wutar mota irinsa.

Ya ɗaura mini wani ɗan akwati baƙi, bai kai sabulun wanki girma ba, tsakanin batir da wayar da ke kai wuta baya. Ya ce aikinsa gadi ne. Yana auna ƙarfin batir, da zarar ya sauko kusa da bolt goma sha biyu sai ya yanke wa firji da caji wuta, ya bar abin da zai tada inji. Na ce to, na yi godiya.

Shekaranjiya Alhamis ina kasuwar Tungar Ɗanmalam, ko azahar ba ta yi ba, abin nan ya yanke. Lemo ya fara ɗumi, wayoyin mutane sunka daina caji. Wani makiyayi ya cakumi wuyan rigata, wai tun safe ya ba ni wayarsa. Sai ga Bashar mahauci, wanda kin sani tun muna yara bakinsa ba ya hutawa, ya hau benci yana shela wai mijin yayar Mode ya ɗaura masa layar hana arziki. Kasuwa duka ta kwashe da dariya.

Ban jira an watse ba, na kama hanyar Boɗinga. Na sami Malam Sha'aibu kansa cikin bonet ɗin wata bas. Na faɗa masa abin da ya faru, ko ɗagowa bai yi ba ya ce, “Ai aikinshi ya yi, Mode. Ka tada mota ta yi rabin awa, wuta ta dawo. In ba ka son haka, ka aza batir na biyu.” Na ce wato in zauna ina ƙona fetur a banza? Sai ya ɗago ya yi murmushi ya ce, “To mi kaka so, lemo mai sanyi ko motar da za ta kai ka gida?” Masu gareji sunka yi dariya.

Yaya, dariya ta biyu ke nan a yini ɗaya. Akwai babbar sifana a kan taya, ban san lokacin da ta shiga hannuna ba. Na kai masa duka, ya kare fuskarsa da hannun dama, na ji ƙarar ƙashi. Na ƙara masa ɗaya a kafaɗa kafin anka riƙe ni. Na fizge, na buɗe bonet ɗina, na tsinke ɗan akwatin na jefa masa a ƙafa, na murɗe wayoyin biyu na naɗe da salatif. Yana zaune ƙasa riƙe da hannu, jini yana bin gwiwar hannunsa, bai zage ni ba. An ce shi ya hana a kira 'yan sanda.

Ba na cewa na kyauta. Amma shi ma bai kamata ya yi mini dariya gaban jama'a ba. Ki rubuto mini yadda hannun yake.

Ƙaninki,
Mode.


Asibiti, Shagari,
Talata, 2 ga Afrilu.

Yaya Uwani,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da gida, ina gaida Malam Sha'aibu da jiki, Allah Ya ƙara sauƙi. Ban ga amsarki ba, kuma ban yi mamaki ba. Ki yi haƙuri da rubutun, a kwance nake yin sa.

Na san kin ji 'yan bindiga sun shiga kasuwar Tungar Ɗanmalam ranar Alhamis. Ina can. Abin da ake faɗa a gari rabi ne, ke zan gaya wa sauran.

Ranar an yi zafi sosai. Tun ƙarfe takwas na kunna firji da caji da lasifika, har bayan la'asar ban tada mota ko sau ɗaya ba. Babu abin da ya yanke, ina ta jin daɗi. Bashar ma ya zo ya sha lemo mai sanyi, ya ce yanzu na zama mutum.

Muna cikin haka munka ji babura ta wajen kara, inda ake sayar da shanu. Uku-uku suke a kan kowane babur, da bindigogi. Ba su yi wa kowa magana ba, harbi kawai sunka fara. Wanda na fara ganin ya faɗi shi ne tsoho mai goro, fuskarsa cikin faifansa. Sunka cinna wa rumfunan zana wuta. Wani ya ruga da gudu rigarsa na ci, anka harbe shi a bakin rijiya.

Sauran motoci sun riga sun tashi, tawa kaɗai ta rage, don haka kowa ita ya nufo. Mata da yara da tsofaffi sunka yi ta hawa kan juna. Mariya mai fura ta jefo 'yarta ciki kamar ƙunshin kaya sannan ta hau. Daga baya anka ƙirga, mutum goma sha tara ne.

Na murɗa makulli. Tak, tak, tak, shi ke nan. Na sake murɗawa, fitilun gaban sitiyari sunka dushe. Na uku ko ƙarar ma babu. Mata suna dukan rufin mota suna ihu in tashi, ni kuwa na san abin da ya faru, na san kuma wa ya yi shi.

Bashar ya riga ya sami wuri a baya, yana zaune. Ya diro. Tasi'u tela ya bi shi, da wani baƙo da har yau ban san sunansa ba. Sunka dafa motar sunka fara turawa wajen gangaren fadama. Yashi ne wurin, ga nauyin mutane. Ina kallonsu ta madubi. Tasi'u anka fara samu a baya, ya durƙusa kamar zai ɗaure takalmi, bai tashi ba. Baƙon nan ya ƙara taku kamar goma, shi ma ya faɗi. Saura Bashar shi kaɗai, kansa a sunkuye, yana tura motar da ta fara gangarawa.

Wani babur ya zo daidai tagata. Na baya ya kai mini sara da adda, ta fasa gilashi ta yanke ni a goshi. Na tsakiya ya yi harbi ta ƙofa, harsashin ya shiga cinyata ta hagu. Wallahi ban sani ba ko ni na saki kuloci ko harsashin ne ya ɗaga mini ƙafa. Motar ta yi tsalle, inji ya kama. Na karya sitiyari na banke babur ɗin, na ji tayar baya ta hau kan wani abu ta sauka.

Bashar yana gudu, hannunsa ɗaya a ƙofar baya. Mariya ta kama rigarsa tana ja. Sai anka same shi. Rigar ta yage, tsumman ya rage a hannunta.

Ban tsaya ba, Yaya. Na gan shi a madubi yana ƙoƙarin tashi, kuma ban tsaya ba. Na tuƙa har Kajiji jini ya cika mini takalmi. Wata tsohuwa ta cika a hanya, harsashi ya same ta tun kafin mu tashi, babu wanda ya lura saboda cunkoso. Washegari anka je anka ɗauko gawa goma sha ɗaya, har da su ukun.

Tun da na farfaɗo mutane ke shigowa suna sa mini albarka, wai na ceci rai goma sha takwas. Jiya wani dattijo ya riƙe hannuna yana kuka. Kowa yana cewa ƙaddara ce ta sa batir ya mutu a wannan lokaci. Da abin nan yana wurinsa, da tun azahar ya yanke wa firji wuta, da murɗa ɗaya motar ta tashi, da babu wanda zai sauka. Ba na iya cin abinci. Halima tana zaton ciwon ne.

Ki yi mini addu'a ko da ranki bai so.

Ƙaninki,
Mode.


Shagari,
Laraba, 8 ga Mayu.

Yayata Uwani,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan kun wuni lafiya, ke da maigida da yara. Takardarki ta iso, da zumar da kika aiko. Layi uku kika rubuta, na karanta su ya fi sau ashirin. Na gode.

Kin ce yatsu biyu na Malam Sha'aibu ba za su sake lanƙwasuwa ba, filaya ma ba ya iya riƙewa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Direbobin da ke shiga ƙauye duk sun tsorata, kowa yana neman a ɗaura masa irin abin nan mai gadin batir. Suna zuwa Boɗinga su tarar babu mai yi, sai sun wuce birni. Wannan ma ni ne.

An sallame ni ina tafiya da sanda. Ranar arba'in ɗin Bashar, wato shekaranjiya, na sa anka tuƙa ni a motata zuwa gidansu. Zaure cike da mutane, har da liman. Anka buɗe mini wuri a kan tabarma kusa da dattawa. Bayan addu'a na nemi izini, na faɗi komai: abin da anka ɗaura mini, da amfaninsa, da yadda na karya hannun wanda ya ɗaura, da yadda na cire, da yadda na ga Bashar yana motsi na wuce.

Sai Husaini, wan Bashar, ya miƙe ya ɗauki sandata. Bugun farko a baki ya same ni, haƙora uku sunka zube. Na biyu ya nufi cinyar da anka ɗinke, ta buɗe. Ya ja ni da ƙafa har ƙofar gida yana duka yana cewa, “Kai ka kashe shi, kuma ka zamna muna sa maka albarka!” Samari sunka yi kan motar da duwatsu, sunka farfasa firjin, wani ya zuba mata fetur. Ina kwance a ƙasa ina kallo tana ci. Ban ɗaga hannu ba, kin san kuwa ba halina ba ne. Liman ne ya kwanta a kaina da jikinsa, sannan Husaini ya yar da sandar ya zauna cikin ƙasa yana kuka.

Anka wanke mini fuska za a mai da ni asibiti, sai anka ce Ummukulthum, matar Bashar, tana son magana da ni. Tana cikin takaba, don haka daga bayan labule ta yi magana, ni ina jingine da bango. Na shirya jin tsinuwa. Sai ta ce tambaya ɗaya gare ta: ko na ji ya ce wani abu kafin a harbe shi?

Na so in ce kalmar shahada na ji, don hankalinta ya kwanta. Amma na gaji da barin mutane a kan abin da ba shi ne ba. Na gaya mata gaskiya. A ruɗe giya ta ɗaya na sa, da ita kuwa mota ba ta kamawa a turi. Maganar ƙarshe da na ji daga bakinsa ita ce, “Giya ta biyu, sakarai! Giya ta biyu!” Shi ya sa na canza.

Sai na ji ta yi dariya, dariyar ta koma kuka. Ta ce, “Shi na, wallahi. Shi na.” Da ta natsu ta ce in tafi, ba ta yafe mini ba tukuna, amma ba za ta tsine mini ba, kuma kada in daina zuwa gaida 'ya'yansa.

An sake ɗinke cinyar. Bakina a kumbure yake, kunu kawai nake sha. Ban kai ƙarar kowa ba, na kuma roƙi Halima kada ta bari 'yan'uwanta su kai.

Saura gidanku. Ranar Juma'a bayan masallaci zan hau motar haya in zo Dingyaɗi. Ba zan shiga ba, a bakin zaure zan tsaya. Ki tambayi Malam Sha'aibu ko zai yarda ya fito. In ya ce a'a, ki leƙo ki gaya mini da kanki, zan koma, kuma zan dawo wata Juma'ar.

Ki gaida Mufida da ƙannenta. Allah Ya jiƙan waɗanda sunka rasu, Ya ba maigidanki lafiya, Ya bar mu tare.

Ƙaninki mai neman gafararku,
Mode.