Dardumar Bakin Ƙofa

Zuwa ga ƙanena Sabri, a Mansura.

Assalamu alaikum. Shekara uku ke nan rabona da gida. Ina gaida Umma, da matata Nawal, da ɗana Tamir, wanda na bari yana rarrafe, yanzu kuma na ji kai yake kira Baba. Ban ga laifinsa ba, kai yake gani.

Kamfanin man nan ya sake ɗage mini hutu. Sai dai wata mai zuwa akwai gasar ƙwallon lambu ta ma'aikata, wato golf, wasan nan da ake buga ƙwallo da sanda zuwa rami, kuma wanda ya zo na ɗaya za a ba shi tikitin jirgi zuwa ƙasarsu. Suna ne kawai lambu, Sabri. Ko tsinken ciyawa babu. Yashi ne da tsakuwa, kusa da rami kuma a kwaɓa yashin da baƙin mai don ƙwallo ta gangara. Kowa yana yawo da 'yar ciyawarsa ta roba a hammata, ya shimfiɗa, ya ɗora ƙwallo, ya buga, ya naɗe abinsa. Tawa ta yi sanƙo kamar kan Kawu Fahmi.

Na kuma canza bugu. Da can da ƙarfi nake sheme ta, ta tafi inda Allah ya nufe ta. Yanzu a hankali nake ɗaga sandar, kamar mai ɗauke bargo daga kan jariri. Ran Juma'a na gwada, ƙwallo huɗu suka bi bayan raƙuma. Ka samo mini ciyawar roba, faɗin sallaya ko ƙasa da haka, ka ba Ra'afat direba in zai dawo.

Yayanka, Midhat.

*

Zuwa ga Yaya Midhat, gwarzon hamada.

Wa alaikumus salam. Kowa lafiya, Umma na sa maka albarka, tana tambaya ko aikin naka ne ya koma kiwon ƙwallo.

Yaya, na zaga kasuwa kaf ina neman ciyawar roba. Wani mai shago ya ce in akuyar tawa ta roba ce in kawo ya gani. Da na faɗa wa Nawal, sai ta je ta ɗauko dardumar goge ƙafa ta bakin ƙofarku, ta kakkaɓe, ta ce ai koriya ce. Ra'afat zai kawo maka, da tulun cuku.

Zancen bugu kuwa, na ga hoto a wata mujalla a shagon aski: kada ka ɗaga kai, ka miƙe hannun hagu. Kyauta na ba ka.

Ƙanenka, Sabri.

*

Zuwa ga Sabri, malamin shagon aski.

Bayan gaisuwa, an yi gasa. Da na shimfiɗa dardumar, alƙalin wasa ya sunkuya ya karanta abin da aka saƙa a jikinta: "Lale marhabin." Ya ce, "Ustaz Midhat, mu cire takalmi ne ko mu shigo haka?" Kowa ya fashe da dariya. Ya duba doka bai ga inda aka hana ba, ya ce in buga.

Wallahi, Sabri, gashinta mai tauri ne, ƙwallo ta zauna a kai kamar amarya. Na ɗaga sanda a hankali, ban ɗaga kai ba, kuma ba don shawararka ba ne, kunya ce ta hana ni kallon mutane. Tunda nake ban taɓa bugu irin wannan ba. Rami bayan rami ina gaba. Masu dariya suka koma neman aro.

A rami na ƙarshe muna kunnen doki da Malam Pillai, wani akawu ɗan Indiya. Na sunkuya zan ɗora ƙwallo, sai idona ya faɗa kan gefen nan da na ƙona da sigari ranar da aka haifi Tamir. A zuci na ga ƙofar gidanmu, na ga takalman Nawal. Sai tsohon hannuna ya dawo, na sheme ta da dukan ƙarfina kamar a Mansura ramin yake. Ta tsallake waya, ta faɗa wurin ajiye motoci.

Pillai ya ci. Ba zan zalunce shi ba, ya fi ni natsuwa, kuma shekararsa biyar bai ga 'ya'yansa ba. Na taya shi murna, na so in shaƙe shi. Ni fanka aka ba ni. Zan aiko da dardumar ta hannun Ra'afat.

Midhat.

*

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Nawal ta ce kada ka aiko. Ba za ta karɓa daga hannun direba ba, ba kuma za ta sayi wata ba. Wanda ya are ta, shi zai mayar da ita inda take. Tamir na shigowa da laka har gado. Na nuna masa hotonka, ya ce wannan ne ya tafi da dardumarsu.

Sabri.

*

Sabri,

Na gode, a gaida kowa. Ka ce wa yaron ɓarawon na nan tafe. Na sayar da sandunan wasan. Ga abin da na tara zuwa yau: kuɗin jirgi na zuwa kawai, fanka ɗaya, ƙwallo biyu, darduma ɗaya.

Midhat.