Addu'ar da na sa Bulus ya yi

Lahadi da dare, Filingue

Na kwanta na tashi sau uku, barci ya ƙi zuwa. Bakina ya jawo mini.

Yau munka yi taron parti a gidan Alhaji, shugabanmu, don a fidda 'yan takarar konseye, wato kansilolin meri, majalisar garinmu. Cikin masu nema har da taubashina Bulus, ɗan kawu, wanda ya zama Kirista tun yana karatu a Yamai. Kowa ya sani, amma ba mai faɗi, tunda shi ke yi wa shanunmu allura.

Limamin da ke buɗe taro da Fatiha bai zo ba. Sai na ɗaga murya: "Ga Malam Bulus, ya buɗe mana!" Dariya kawai nake so, irin ta taubasai.

Ba wanda ya yi dariya. Bulus ya tashi, ya tuɓe hula, ya roƙa mana zaman lafiya da damina mai albarka. Mutane na ta amin. Sannan ya rufe da sunan Yesu Almasihu. Dattawa huɗu sunka ɗauki takalmansu. Alhaji ya ce sai ya sake duba sunayen, gobe a ji.

A ƙofa na tare shi. "Taubashi, da ka ce makogwaro ke maka ciwo!"

Ya ce, "In na ɓoye yau, Sani, a meri me zan ɓoye?"

Inna ta ce in fita harkar, na yi ɓarnar da ta isa. Ni dai da asuba zan riga kowa zuwa gidan Alhaji, in roƙe shi kar ya cire sunan Bulus, laifin nawa ne. Damuwata, ban taɓa yin maganar da ba wasa ba a gabansa. Ko zai yarda?